Allon Awarar Maman Bilki

Ranar Asabar ɗin farko ta dogon hutu, ina aji huɗu a firamare, na baje 'yan katako guda tara a tsakar gidan hayarmu da ke Bwari, na ɗauki dutse na hau buga ƙusa. Babana mai fenti ne. Da waɗannan 'yan katakon yake juya fenti a bokiti, in ya tashi aiki sai ya watso su cikin buhun kayansa. Kowanne da launin ginin da ya shafa: ruwan madara na wani gida a Gwarinpa, shuɗi na wata makaranta, kore na masallaci. Wata biyu na yi ina tara su a ƙarƙashin gado.

Ɗaki goma sha biyu ne a gidan, ƙofofin duk iri ɗaya, Umma kuma awara take sayarwa. 'Yan okada su shigo neman awara su yi ta buga ƙofar mutane, har maƙwabciyarmu Maman Chidi ta fara mita. Ni ke kai waken suya inji, ni ke ɗebo ruwa a bohol, don haka na ga ina da bakin magana. Na jera 'yan katako bakwai kafaɗa da kafaɗa, na gicciya biyu ta baya. Ƙusoshin na tsinto su ne a shagon kafinta, na miƙe lanƙwasassu. Na tauna bakin asuwaki ya zama buroshi, na tsoma a ragowar baƙin fenti. Yara suna kirana mu yi wasan 'yar gala-gala, na ce su ba ni wuri. Na rubuta AWARAR MAMAN BILKI, ban ma jira ya bushe ba na ɗaura waya na rataye a ƙofarmu.

Bilki ni ce, 'yar fari. A gidan nan kowace mace da sunan ɗanta na fari ake kiranta, amma ban da Umma. Ita 'yar wani ƙauyen Katsina ce, kunyar ɗan fari a jininta take. Ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "ke". Ta sa kowa yana ce mata Maman Sadik, ƙanena da ko fitsarin kwance bai daina ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Da gangan na rubuta, ba zan yi ƙarya ba.

Umma ba ta karatun boko, Maman Chidi ce ta karanta mata da ƙarfi tana dariya. Umma ta rufe baki da gefen mayafi ta shige ɗaki, daga ciki ta ce, "Ke, cire abin nan."

Na ce, "Ba ke kika haife ni ba?"

Da la'asar Baba ya dawo ya tsaya yana kallon allon. Ya ce a garinsu Umma haka ake son ɗan fari, ya ce in kawo ya shafe sunan ya gyara mini rubutun. Na ce in ya shafe zan karya shi. Ya kaɗa kai ya ce shi ba ya shiga tsakanin 'ya da uwa.

Umma ta fito ta ɗora kasko ba ta kalli inda nake ba. Can wani ɗan okada ya shigo, ya karanta, ya ce, "Maman Bilki, a ba ni awara, yaji da yawa." Ta ci gaba da suyarta. Ya sake faɗa. Ina tsaye jikin ƙofa, hannuna duk fenti. Kanta a sunkuye, tana juya awara, ta ce "Na'am," ƙasa-ƙasa, kamar mai amsa laifi.

Allon bai ga ƙarshen daminar ba, ƙusoshin sun yi gajarta, ya warwatse. Sunan dai ya zauna.

Yanzu inji ke buga alluna, ni ma ina da 'yar fari, sunanta ba ya barin bakina, hotunanta sun cika mini waya. Umma har yau ba ta kama sunana ba, na kuma daina jira. Sai da na girma na gane nauyin abin da na ɗora mata a gaban mutane ranar, ta kuma ɗauka saboda ni. Ban taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta taɓa nema ba.