Akwatin Kawu Sajan

Duk wanda ya taɓa zama a dakalin Kawu Sajan, can bakin gari ta hanyar Baure, ya san gaisuwarsa ba ta tsayawa a "ina gajiya". Kana cikin amsa "ya iyali", sai ya ɗaga yatsu biyu ya kafe ka da ido: "To kai a ganinka, libarba ko fistol?" Wato cikin ƙananan bindigogin nan biyu, wacce ta fi. Ya tambayi mai gyaran rediyo, ya tambayi likitan da ke auna masa hawan jini, har Bafulatanar da ke kawo masa nono bai ƙyale ba. Ni da nake ɗan ƙanwarsa na amsa tambayar nan ya fi a ƙirga, kuma wallahi ban taɓa cin jarrabawar ba.

In ka ce libarba, sai ya riƙe baki. "Harsashi shida kacal? To in ɓarayi bakwai suka zo fa, na bakwan haƙuri za ka ba shi?" In ka yi maza ka koma fistol, tunda ita tana ɗaukar harsashi da yawa, sai ya ja tsaki. "Wannan 'yar gata? Kullum a goge ta, a shafa mata mai, ranar da kake nemanta kuma ta cije. Libarba ko shekara ta yi a ƙarƙashin katifa, kana jan kunama za ta amsa." In ka ce to shi ke nan, libarbar, sai ya ce, "Ka ji matsalarku 'yan zamani, ba ku da tsayayyen ra'ayi."

Yaran cikinku ba ku san mafarin abin ba. Da Kawu ya bar aikin ɗan sanda, gidan mahaifinsa ya dawo, gida na ƙarshe kafin gonaki. Wata Juma'a da rana tsaka, maza duk an tafi masallaci, wasu suka hauro ta baya suka kwance masa raguna biyu. Matarsa Inna Ladi tana ɗaki tana jin su, tsoro ya hana ta ko tari. Yana dawowa ta tare shi.

"Malam, ko ka samo abin da za ka tsare gidan nan, ko mu koma cikin gari kusa da Kusugu, wajen 'yan'uwana. In ba za ka tashi ba, ni zan tashi."

Kun san Inna, ba ta faɗin magana sau biyu. Kun kuma san Kawu da gidan nan: a ɗakin da yake kwana aka haife shi, ɗorawar ƙofar gida ubansa ya dasa. Bayan kwana uku ya tafi Katsina ya dawo da baƙin akwatin ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Washegari ya fito da shi dakali, kowa ya zo sai a ba shi ya ɗaga ya ji nauyi, amma buɗewa babu.

Inna ta ce, "Wace iri ce a ciki?"

Ya ce, "Nazarin da nake yi ke nan, Ladi. Libarba ko fistol. Ki bari in gama, ba a zaɓen bindiga da gaggawa."

Makon nan dai Inna ta sha takaici. Raguna sun tafi, dutsen gugarta na gawayi ma ya yi ɓatan dabo, ta yi cigiya har ta gaji. Amma ta kwance kayan da ta ɗaure, ta ce za ta jira. Nazarin nan, jama'a, shekara goma sha bakwai ya yi.

Lokacin da aka zo neman auren 'yarsa Bilki, Kawu ya ce sai ya ga yaron da idonsa. Aka kawo bawan Allah, malamin firamare daga Zango, ya durƙusa yana gumi. Ba a tambaye shi asali ba, ba a tambaye shi sana'a ba.

"Libarba ko fistol?"

Yaro ya sunkuyar da kai. "Baba, duk wadda kuka zaɓa."

Kawu ya juyo ya dube mu fuska cike da fara'a. "Ku ba shi. Wannan ba shi da ra'ayin kansa, zai iya zaman aure."

Ga shi nan zaune a cikinku yana dariya, 'ya'yansu biyar yanzu.

Labari kuwa ya zaga gari, kuma kowa sai ya ƙara masa gishiri. An taɓa kama wani ɓarawon awaki a kasuwa, ana tuhumarsa aka ce ya aka yi duk unguwar ya taɓa, ban da gidan Sajan? Ya ce shi ba mahaukaci ba ne, tsohon nan bindiga biyu gare shi, kullum yana zaune yana tunanin da wacce zai harbi mutum. Muka garzaya muka gaya wa Kawu, muna tsammanin zai ji daɗi. Ina! Ransa ne ya ɓaci.

"Biyu? Ni almubazzari ne? Ku je ku ce masa nazari nake."

Maganar ta kai har kunnen hukuma. Wata safiya sai ga wani matashin jami'i da kakinsa a goge, ya zo bincike. Ya gaishe da Kawu cikin ladabi, ya ce, "Baba, kun fi ni sani, farar hula ba a ba shi lasisin ko ɗaya cikin biyun nan."

"Na sani tun ba a haife ka ba. An hana nazari ne?"

"A'a, Baba, amma akwatin..."

"Zauna tukuna. Kai da ke riƙe da ita kullum, libarba ko fistol?"

Kuskuren da yaron nan ya yi, amsawa. Ya ce fistol. Daga hantsi har aka kira azahar suna abu ɗaya, Kawu ya kwatanta masa cijewar harsashi da ludayi, ya kwatanta juyin libarba da murfin kwano. Jami'i ya sha fura kwano biyu, ya bi Kawu salla, ya hau babur ya tafi. Sai da ya kai ofis ya tuna ko ganin akwatin bai yi ba. Bai sake dawowa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

A ciwonsa na ƙarshe na same shi kwance, murya ta dushe. Na ce bari in tsokane shi. "Kawu, har yanzu ba a gama nazarin ba?"

Ya yi murmushi. "Ɗan nan, shekara talatin ina ɗauke da bindiga, kullum da safe ina roƙon Allah kada in ja kunama a kan ɗan wani. Ya amsa mini. Sai da na tsufa zan kawo ta ɗakin kwanana saboda rago?"

Na ɗauka zafin ciwo ne. Da ya rasu, bayan addu'ar bakwai muka taru a kan akwatin, gabana na faɗuwa, don in bindiga ce sai mun miƙa ta ga hukuma mun sha tambayoyi. Yayana ya kawo guduma zai fasa kwaɗon, kowa ya ja da baya, wani har ya fake a bayan randa. Inna Ladi ta ce, "Kada ku ɓata masa kwaɗo." Ta kwance bakin zanenta ta miƙo makulli.

A ciki akwai tsohon usur ɗinsa na aiki. Sai kuma wani abu mai nauyi a naɗe cikin tsumma. Na warware a hankali. Dutsen guga.

Muka yi dariya har wasu suka zube ƙasa. Inna ba ta yi ba. Ta karɓa ta goge shi da gefen mayafi.

"Nawa ne. Ran da akwati ya yi nauyi, ran nan guga ta ɓace, kuna tsammanin ban gane ba? Shi ma ya san na gane. Shekarar da Bilki ta yi aure ya ba ni makullin, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba."

Na ce, "Inna, me ya hana ki magana tun farko?"

"Da na yi magana, da sai ya zaɓa da gaske. Ni ko gidan ubansa. Gara ya yi ta zaɓe tsakanin libarba da fistol."

'Yan'uwanta sun zo da mota su maida ta cikin gari. Ta ce su koma, ita ba inda za ta. Ta mayar da dutsen gugar cikin akwati, ta kulle, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Allah ka jiƙan Kawu Sajan, ka sanyaya masa makwanci. Yadda ya bar duniya hannunsa bai taɓa jinin kowa ba, ka karɓe shi da rahama. Gidan da ya tsare da baki kawai, da tsohuwar da ya bari a ciki, ya Allah ka tsare mana su.