Kwamfaila Bai Taɓa Shiga Motar Mararaba Ba

Kwana uku ina gwada sabon kwamfailanmu, mai tantance rubutun masu haɗa manhaja, a kan ayyukan mutanen waje. Oga ta ce ba za a sake shi ba sai kowanne ya wuce. Ɗaya ne ya maƙale, manhajar tikitin wata tashar mota a Jabi. Kujera sha huɗu, fasinja sha takwas, kwamfaila ya ce bai yarda ba.

Na kira wanda ya rubuta ta. "Malam, akwai kuskure. Mutum huɗun nan ina za su zauna?"

Ya ce, "Su matsa mana. Kai da jirgi kake zuwa aiki?"

Ni ma rabin cinyar wani na hau daga Mararaba.

Jama'a, wa zan gyara, kwamfaila ko direba?