Ranar da Aka Ɗauke Ni Mai Awon Filaye

Ko na tsufa na ruɗe, ba na jin zan manta da abin da ya faru tsakanina da wani dattijo a gonar wakensa. Lokacin ina koyarwa a wani ƙauye can gaba da Bacirawa, na sayi sabuwar waya mai kyan hoto, sai ɗaukar hoton ƙwari ya shiga raina. Abokan aikina har tsokanata suke, wai mutane na ɗaukar biki ni ina bin fara.

Ƙarshen damina ne, wake ya yi fure. Na gano wata gona a bayan makaranta da malam-buɗe-littafi ke cika da hantsi. Kwana uku ina zuwa. In taka a hankali, in tsuguna, in miƙa waya, wani lokaci har in kwanta rub-da-ciki tsakanin kunyoyi. Ban taɓa tambayar ko gonar waye ba. Ni a wautata, ai ba wake zan tsinka ba.

Rana ta huɗu ina kwance, na saita wani mai ruwan ɗorawa da ɗigon baƙi a fiffike, sai na ji gyaran murya. Na ɗago na ga wani tsoho da fartanya a kafaɗa, mai unguwa na gefensa.

"Malam," in ji tsohon, "ka faɗa mini gaskiya saboda Allah. Yaushe za ku zo ku kafa turakun?"

Ban gane nufinsa ba. Mai unguwa ne ya warware mini. Ashe a yankin, duk gonar da aka ga baƙo na zagayawa da waya yana ɗaukar hoto, ba a jimawa sai a ji an yanka ta filaye. Haka ta faru da maƙwabtan tsohon biyu. Wannan kuwa gonar gado ce, ita kaɗai ta rage masa.

"Tun ranar da ya fara hango ka, tuwon kirki bai ci ba," in ji mai unguwa.

Wallahi kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe ni. Ga abin da nake aunawa." Na buɗe hoton, na ƙara masa girma da yatsu biyu.

Ya karɓi wayar kamar an miƙa masa ƙwai. Ya daɗe yana kallo. Ga ƙwaron ya zura siririn bakinsa cikin fure, ƙafafunsa duk garin fure.

"Ikon Allah! Wannan a gonata yake?"

"A wakenka, Baba."

Sai ya yi dariya har da hawaye, ya zauna daɓas a kan kunya. "Tun ina goye ake zuwa da ni gonar nan, ban san yana da gashi a ƙafa ba." Ya sa na nuna masa sauran ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mini wanda ke ɓarna da wanda ba ruwansa. Da zan tafi ya ce, "Gobe ka dawo. Amma ka biyo ta gida tukuna, mu gaisa."

Na yi ta komawa har aka yi roron waken, kuma na ji daɗin waɗannan safiyoyi ƙwarai.

Abin da na koya shi ne, gona ma gidan mutum ce, ba a faɗa mata babu sallama. Na kwana uku ina lallaɓawa don kada in firgita ƙwaro, ashe mai gonar nake hana wa cin abinci.