Garken Sajo na Sama

Duk Dugabau an san Malam Sajo ba ya ƙirga shanunsa. Ka tambaye shi nawa ne, sai ya harare ka ya ce, "Masu albarka ne." Kamanni yake riƙewa: wannan mai farin goshi ce, waccan 'yar mai karyayyen ƙaho. Yana da shekara sittin da biyar, sai ga shi Allah ya ɗora masa ƙirgar jiragen sama, shi da ko tayar jirgi bai taɓa gani kusa ba.

'Yarsa Naja'atu ce ta jawo masa. Injiniya ce a wani kamfanin jiragen sama. Kamfanin ya yi odar sababbin jirage shida, aka tura ta can ƙasar da ake ƙera su, ta riƙa duba kowanne kafin a taso da shi. A cikin na shida za ta dawo. To, ga idon Sajo ya soma dushewa, kuma likita a Gwarzo ya faɗa masa gaskiya: abin gaba yake yi, ba ya komawa baya. Ba ya tsoron duhu, in ji shi. Tsoronsa ɗaya, kada yarinyar nan ta dawo ya ji muryarta kawai.

Duk jirgin da ya iso, sai Naja'atu ta turo hotonsa a wayar mahaifiyarta, Uwaliya. Sajo ya karɓa ya yi ta juya wayar, tambaya kuwa kamar ɗan jarida. Wa ke koro shi daga can? A ina yake kwana? In ya sauka ana barinsa ya huta? Uwaliya ta ce, "Malam, sai ka tambaya ko yana cin dusa."

Naja'atu ta ce masa kowane jirgi da lambarsa kusa da wutsiya, ya sa a rubuta masa. Ya yi tsaki. Lamba ai ta wanda bai san dabbarsa ba ce! Sai ya raɗa musu suna. Na farko fari ne sol, ya zama Fari. Sauran masu koren wutsiya ne, amma ya ce kowanne da irin tsayuwarsa.

Ana cikin yankan gero wani hoto ya shigo. Sajo ya lanƙwasa yatsu: Fari ɗaya, masu kore biyar. Shida cif! Bai jira bayani ba, ya hau bayan babur sai Kabo. Ya sayo shinkafa da man gyaɗa, ya shaida wa duk wanda ya gaisa da shi cewa injiniya ta sauka. Kafin la'asar an kama rago an ɗaure a ƙofar gida.

Sai ga kiran Naja'atu.

"Kina Kano ne, ko kin kamo hanya?"

"Baba, wace hanya? Biyar suka zo."

"Shida. Ga Fari, ga..."

"Wayyo Baba! Hoton yau ai Farin ne. Da gaggawa aka kawo shi ba fenti, sai yanzu aka yi masa."

Abin ya ɗaure wa Sajo kai. Saniyar da aka haifa fara, fara take mutuwa. Bai taɓa kawowa a ransa akwai garken da ke sauya launi ba.

"Ikon Allah. To ya gane kansa kuwa?" Ta yi dariya, shi ma ya ɗan taya ta. Sannan ya ce, "Na shidan fa?"

"Injinsa bai kammala ba. Sun ce wata biyar, ko shida."

Wata shida. Ya san abin da ya rage a idonsa, kuma bai kai haka ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai faɗa mata ba. Ya miƙa wa Uwaliya wayar ya ce ta danna wurin da ake ganin mutum. Da fuskar ta fito, ya ja kujera zuwa inda rana ta fi haske, ya kai wayar daf da idonsa na dama.

"Baba, goshinka kawai nake gani."

"Ba komai," ya ce. "Ke dai tsaya haka. Kada ki motsa."