Ranar da Ɗan Wasa Ya Faɗi da Gaske

Har gobe ban manta da ranar da dattijon nan Ba'amurke ya zube a gabana ba. A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina ɗalibi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wani kamfanin fim ya ɗauke ni tafinta tsakanin dattijon da darakta, wanda ba ya jin Turanci. Bizata ta karatu ce, ba ta ba ni izinin aiki ba, don haka kullum a ɗarare nake.

Dattijon ba tauraro ba ne. Shekara talatin yana fitowa a ƙananan matsayi, yau gandiroba, gobe mugun lauya, yawanci a kashe shi kafin fim ya kai rabi.

Ranar muna ɗaukar fim a wani sito a unguwar Panyu, ana zafi mai tsanani. Ƙa'idar aikin ita ce, da zarar an fara ɗauka ba mai motsi, ko tari ba a yi, sai darakta ya ce a tsaya. Aka harbe shi da bindigar wasa, ya dafe ƙirji ya faɗi. Darakta ya ji daɗi, ya bari ana ta ɗauka. Ina tsugune bayan kwalaye kusa da shi, sai na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Maganina... aljihun kwat." Wannan ba ya cikin rubutun da aka ba mu.

In wasa yake yi na ɓata musu aiki, korata za a yi. In da gaske ne, asibiti za mu, can kuma ana iya neman takarduna, a mayar da ni Kano ba digiri. Na waiga, ba wanda ya fahimce shi sai ni. Na faɗa gaban kyamara ina ce musu da Sinanci zuciyarsa ce.

Darakta ya taso da faɗa, da ya ga fuskar mutumin sai ya gane da gaske ne. Na ciro maganin daga aljihun kwat ɗin dattijon, na sa masa ƙwayar a ƙarƙashin harshe yadda ya nuna mini, muka saka shi a motar kaya. A asibiti ni na yi wa likita bayani, ina sa ido kan duk mai kakin da ya gifta. Allah ya rufa asiri, ba wanda ya tambaye ni komai.

Bayan kwana huɗu na je duba shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, da ka yi shiru, da sai sun gama yi mini tafi kafin su gane."

Ku da kuka shigo aikin tafinta yanzu, ku riƙe wannan. Wata rana a ɗaki cike da mutane kai kaɗai za ka ji abin da mutum ya ce. In ka haɗiye maganar, kamar bai taɓa faɗa ba ne.