Shekarar da Asibi Ta Kira Sunan Ɗiyarta

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a Kaoje ya san Asibi mai banda. Doguwar mace ce, idanunta kullum jajur saboda hayaƙi, muryarta kuwa ko daga ƙarshen kasuwa ta yi magana sai ka ji. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take juya tarwaɗa a kan waya a gefen uwarta. Mijinta Manu masunci ne: shi ya kamo, ita ta banda, fataken kudu su zo da kwalaye su kwashe. Shekarar da ruwa ya cinye gonakin shinkafa har ya shigo unguwa, ita ta tuƙa jirgin mijinta ta fito da tsofaffi uku daga gidajensu. Tun daga ranar mutane ke cewa Asibi ba ta san tsoro ba, har ita ma ta yarda da hakan.

Ɗiyarta ta fari, Firdausi, tana aure a Segbana, cikin ƙasar Benin, tafiyar da ba ta fi awa biyu a babur ba. Da yake 'yar fari ce, Asibi ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Waccan" take cewa, ko "yarinyar nan". Ko a waya, idan Firdausi ta kira, sai ta miƙa wa wani ta ce, "Ga mutanen Benin nan."

Shekara huɗu Firdausi ta yi ba haihuwa. Sai a farkon 2020 labari ya zo cewa ta samu ciki. Asibi ta sa an yi wa ɗakin baya sabon yaɓe, ta fara tara itacen wankan jego. Idan ciki ya kai wata bakwai, yarinya za ta dawo gida goyon ciki kamar yadda aka saba.

Ana cikin haka cutar korona ta shigo. Dama iyaka a rufe take tun bara, sai dai mutanen yankin suna ratsawa ta hanyoyin gona. Yanzu kuwa tsaro ya ƙaru, mijin Firdausi ya ce ba zai ɗora mace mai ciki a babur ya bi daji da ita ba. An hana tafiya tsakanin jihohi, fataken kudu suka daina zuwa, murhun banda ya yi sanyi. Karo na farko a rayuwarta Asibi ta wayi gari ba abin da hannunta zai yi.

Sai ta kama rediyo. Daga safe har yamma yana manne da kunnenta, tana jin adadin waɗanda suka kamu a Legas, a Kano, a Sakkwato. Ga azumi, ga zafin bazara. Duk wanda aka ambata ya mutu, fuskar Firdausi take gani. Kuma ba ta da bakin tambaya, don uwa ba ta zama tana cigiyar 'yar fari a gaban mutane.

Wata rana da hantsi tana shara, sai ta ji ƙirjinta ya ɗaure. Zuciyarta ta hau bugawa, gumi ya keto mata, numfashi ya ƙi shiga. Ta jefar da tsintsiya ta dafa bango. Rediyo ya ce cutar da numfashi take farawa. Ba ta faɗa wa kowa ba, ta ɗauki tabarma ta koma rumfar banda, ta ce wa Manu ɗaki ya yi mata zafi. Kwana uku tana can, ko kwanon buɗa-baki sai ta ce a ajiye daga nesa.

Manu ya gaji, ya je ya kira Munawwara, ɗiyar yayan Asibi, wadda ta yi shekara goma sha biyar tana aikin lafiya a garin. Ta zo da ƙyalle a hanci, ta gwada zafin jikin Asibi, ta saurari ƙirjinta, ta auna jini.

"Gwaggo, kina tari?"

"A'a."

"Kina jin ƙanshin abinci?"

"Har warin akuyar maƙwabta ina ji."

"To yaushe abin ke taso miki?"

Asibi ta ce, "In na ji labarai."

"Gwaggo, ban ga alamar cutar nan gare ki ba. Wanga abu fargaba ce. Tana kama ƙirji kamar ciwo, kuma ba ke kaɗai ba ce, mata nawa na gani da ita cikin watan nan."

"Ni? Fargaba?" Asibi ta ɗaga murya. "Ke kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Mi kike tsoro, Gwaggo?"

Asibi ta dubi tokar murhu. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ba wadda kasuwa ta sani ba ce. "Yarinyar nan za ta haihu babu ni."

Munawwara ta fito da wayarta ta kira Segbana, ta ɗora a tafin gwaggonta, ta fice daga rumfar. Daga can aka ce, "Salamu alaikum, Munawwara?"

"Firdausi," in ji Asibi. "Ni ce."

Can sai Firdausi ta fashe da kuka. Shekararta ashirin da uku ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Asibi ta ce, "Bar kukan nan ki gaya mini, ƙafafunki sun kumbura?"

Daga ranar ta tsara wa kanta yini. Rediyo sau ɗaya, da rana, daga nan ta kashe ta sa a cikin kwalla ta rufe. Ta ce wa Manu ya ci gaba da kamo kifi ko babu fatake, ta sake hura murhu, tana bandawa tana aika wa gidajen da kulle ya fi matsa wa. Idan ƙirjin ya fara ɗaurewa, sai ta zauna ta ja numfashi a hankali yadda Munawwara ta koya mata, tana jan carbi har ya sake ta. Wani lokaci ya sake da wuri, wani lokaci sai ta zagaye carbin sau biyar.

Bayan la'asar kuma lokacin Segbana ne. Surukar Firdausi, wata dattijuwa mai suna Mariya, Dandanci take ji, Hausarta kaɗan ce. Asibi ta tono Dandancin da ta koya a kasuwa, mai cike da sunayen kifi, suka dinga lallaɓawa suna dariyar juna. A haka suka shirya komai: asibitin da za a kai ta, wanda zai kai ta, kunun da za ta sha, ganyen da za a sa a ruwan wanka. Sun yi gardama a kan yawan yaji, Mariya ta ci.

Abin da ya ba unguwa mamaki shi ne Asibi ba ta ɓoye ba. Ta kan zana take ce wa maƙwabta, "Ni da kuke gani, tsoro ya kwantar da ni kwana uku." Sai ga mata suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan mijinta direba ne ya maƙale a Onica, waccan ɗanta yana Kano. Asibi ta shimfiɗa musu tabarmi nesa-nesa, ta ba kowacce wuƙa da kifi, suna gyarawa suna faɗin abin da ke cin su. Wadda abin nata ya yi tsanani, ita da kanta take raka ta wurin Munawwara.

Ranar wata Talata da damina, ana yayyafi bayan azahar, waya ta yi ƙara. Mariya ce, ta manta da Hausa gaba ɗaya, tana ta zuba Dandanci, a bayanta kuma ana jin kukan jariri. Namiji ne, uwa lafiya. Asibi ta yi guɗar da sai da awaki suka watse.

Sai da yaron ya yi wata shida hanya ta samu. An sa masa Mudassiru. Asibi ta ɗaure kwandon giwan ruwa a bayan babur ta tafi Segbana. Mariya ce ta tare ta a ƙofa, suka rungume juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Mudassiru kuwa da ya ga baƙuwar fuska sai ya tsala ihu ya maƙale wa uwarsa. Kwana biyu yana gudunta. A rana ta uku ya yarda ta goya shi, ta zagaye unguwar da shi gida-gida tana gaisuwa.