Ɗan Bayan Zane

Ko tsufa ya kwashe min komai, wannan ba zai tafi ba. Ɗazu ake gardama a gurup ɗin gidanmu kan nas mace da nas namiji, shi ne na ce bari in danna muku nawa labarin.

Ina budurwa lokacin, zamanin jam'iyya ɗaya, an riga an mayar da unguwarmu ta Zongo bayan gari. Babanmu ya rasu, Mma tana takaba. Da ma ƙosai take soyawa a bakin hanya, sai ta koma soyawa a tsakar gida ni ina fitarwa. Wata safiya kaskon ya goce, mai ya kwaro mata a cinya. Ta shafa abin da ta shafa, ta ɗaura zane ta yi gum. Wari ne ya tona ta. Kafin mu farga zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙafar ta kumbura har gwiwa.

Na ruga ƙaramin asibitin unguwa in ɗauko matar da ke duba marasa lafiya mata. Ba ta nan. An kwashe su koyon rawar gwamnati, animasiyo, wadda ma'aikaci ba ya cewa ba zai je ba. Saura anfirmiye ɗaya, wato nas namiji, wani dogo ɗan ƙabilar Ewe mai kuros a wuya. Ya saɓi jakarsa ya biyo ni.

Mma tana jin muryar namiji a tsakar gida ta ɗaga tata daga ɗaki.

"Ke! Wa kika kwaso min? Mijina ko arba'in bai yi ba, ƙato zai buɗe min cinya? Gara a yanke ta."

Kawu, ƙanenta, ya leƙa. "Yaya, na tambayi malam fa. Ya ce larura ce, ya halatta."

"Malam ba cinyarsa ba ce."

Ni raina ya ɓaci. Na ce wa mutumin da Faransanci ya shiga kawai, mu danne ta, taurin kai ne. Ya girgiza kai. "Idan na shiga da ƙarfi yau, gobe kulle ƙofa za ta yi. Ciwon nan kuwa ba na rana ɗaya ba ne."

Sai ya ce in kawo igiyar shanya da zane. Ya ɗaura a bakin ƙofa, zanen ya sauka har ƙasa. Ya kifa turmi ya zauna a kai, ya ba ɗakin baya. Ya sa na wanke hannu da sabulu har sai da ya gamsu, ya miƙo min auduga da almakashi. "Yau ke ce idona, ke ce hannuna."

Da na yaye zanen Mma, sai ga ciwon a fili. Shi kuwa tambaya kawai yake jefowa. Ja ne ko fari? Gefen ya yi baƙi? In kin danna me ke fitowa? Ina faɗa, yana gaya min inda zan goge da inda zan bari. In ya ji ina gaggawa, sai ya ce, "A hankali, ƙanwata, ba tsere muke ba."

Mma tana cije baki ta ce, "Ki gaya wa wancan, in ya kuskura ya waiwayo ban yafe ba."

Da Hausarsa ta kasuwa ya amsa, "Mama, wuyana ya ƙage tun safe, ko na so ba zai juyu ba."

Wallahi sai da ta yi dariya. Tun rasuwar Baba ban ji wannan dariyar ba.

Amma wanki kaɗai bai isa ba. Ya ce sai allura, ita kuma ba zai ba ni in yi ba. Bai roƙe ta ba, bai kuma yi faɗa ba. "Mama, ba zan ɓoye miki ba, in ba allura ƙafar za ta iya tafiya. Ina nan zaune. Ke za ki ce."

Aka kira azahar, Kawu ya kasa tashi. Ni ina kallon ƙafar ina kuka a ciki. Can sai zanen ya motsa, hannunta ya fito har kafaɗa.

"Yi maza kafin in sake shawara."

Haka ya riƙa zuwa kullum in ya tashi aiki, shi da turminsa. Da matar ta dawo daga rawa, Kawu ya ce a kira ta. Mma ta ce, "A bar ta ta huta. Na saba da ɗan bayan zane."

Ranar da ta fita takaba, da ƙafarta ta taka har asibitin, ina biye da faranti cike da ƙosai. Bai gane ta ba, ai bai taɓa ganin fuskarta ba. Tana yin sallama ya ji muryar, sai kawai ya juya mata baya.

"Juyo, ɗana," in ji Mma. "Wuyan bai warke ba ne?"

To masu gardama, ni abin da na koya ke nan. Majinyacin da ya ce ba namiji, ko ba mace, mutuncinsa yake karewa, don shi kaɗai ciwo ya bar masa. Ka rufa masa shi ka jira, da kansa zai miƙo maka hannu.